Madarar Aya a Butar Hajiya

Ɗakin da na kama tun ina Kano, ashe babu shi a duniya. Da wannan Ingila ta tarbe ni. Na sauka daga jirgin ƙasa a garin Leeds ina jan akwatuna, na bi adireshin da dillali ya turo mini, sai ga ni a ƙofar shagon wankin kaya. Mai shagon ya karɓi wayata ya dubi hoton ɗakin, gado da labule har da fure a bakin taga, ya girgiza kai ya ce ba ni ce ta farko da ta zo nemansa ba. Na kira dillalin, ɗan ƙasarmu ne kuwa, wanda in muna waya ba ya ce mini komai sai 'yar'uwa. Waya a kashe. Na zauna a kan akwati ana yayyafi, mutane suna wucewa kamar ba su ga mutum ba. Wallahi ba kuɗin da na tura masa ne suka fara zo mini a rai ba. Abin da na ce wa kaina shi ne, Safiya, a kan wannan kika baro yarinyar nan?

Yarinyar nan ita ce Ummi. 'Yar farina ce, kuma ita kaɗai gare ni, don babanta ya rasu tana goye. Sunan kakarta ta wajen uba ta ci, shi ya sa ake ce mata Ummi, ni kuwa ko Ummin ban cika faɗa ba. Waɗanda suka tashi a irin gidajenmu sun san abin da nake nufi. Ɗan fari ba naki ba ne a gaban manya. Ba a kiran sunansa, ba a ɗora shi a cinya, in ya faɗi ba ke za ki fara tashi ba. Da na fita takaba, surukata Hajiya ta ce in zauna tare da ita a gidanta na Nassarawa GRA. Na zauna, na kuma sakar mata yarinyar kamar yadda ake yi. A ɗakin Hajiya take kwana. Ni Anti take ce mini, yadda ta ji yaran dangi suna faɗa, ban taɓa gyara mata ba.

Damuwar ita ce jikin Ummi ba ya karɓar madara da ƙwai. Ba sangarta ba ce. In ta sha sai jikinta ya yi rudu-rudu, leɓe ya kumbura, numfashi ya riƙa fita da ƙara. Likita ya faɗa mini ƙarara cewa wata rana abin zai iya fin haka. Na dawo gida na durƙusa gaban Hajiya, abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Wai likita ya ce a ɗan rage mata madara."

"Wai," in ji Hajiya. "Jikar Fulani ta ƙi nono? Mu da shi aka yaye mu. Ubanta sai ya shanye kofi ya nemi ƙari kafin ya tafi makaranta."

Ban ƙara ba. In ƙara in ce me, na fi ta sanin 'yar? Sai na koma yin abin a ɓoye. In riga kowa shiga kicin, in dama mata koko, in cika mata ciki kafin a jera kayan shayi a tebur. Da gurbin ƙaro karatu ya fito mini, Hajiya ce ta fara cewa in tafi, ita za ta riƙe takwararta. Na ja Talatu gefe, mai girkin gidan, 'yar Ringim, mace mai amana, na damƙa mata abin da na kasa faɗa wa uwar gidan. Kayan da ni uwa na kasa ɗauka, su na ɗora wa mai aiki na hau jirgi.

Daga kan akwatin nan masallaci na nema, don shi kaɗai na tabbata ba za a kore ni ba. A sashen mata na haɗu da wata dattijuwa 'yar Sudan, Hajja Amna. Ta dubi akwatuna, ta dubi idona, ta ce daga ina? Na ce Kano. Ta dafe ƙirji ta ce kakarta Bahaushiya ce, a hanyar Makka suka yada zango ba su ƙara gaba ba. Hausarta ba ta wuce sannu da ina kwana ba, amma ta ishe mu. Ta kai ni gidanta, ta yi mini shimfiɗa a falo, ta lulluɓe ni da bargon da ke ƙanshin turaren wuta. Da safe ta kawo mini shayi fari sol da madara. Na riƙe kofin har ya huce. Tana ta cewa in sha, ni kuwa teburin Nassarawa nake gani, da butar madarar Hajiya mai zanen fure, da ƙaramin hannu yana miƙa kofi. Lokacin can da na nan kusan ɗaya ne. Duk sanda na zauna karyawa, su ma sun zauna.

Hajja Amna tana soya ƙosan ƙasarsu tana kai wa wani shagon karin kumallo, ita ta kai ni neman aiki. Mai shagon Baturiya ce doguwa mai furfura, sunanta Ruth. Kafin ta tambayi sunana ta karanta mini dokar gidan.

"Mu nan ba ma taɓa komai da ya fito daga jikin dabba. Ba nama, ba kifi, ba madara, ba ƙwai, ba zuma."

Na ce, "Har zuma?"

Ta ce har zuma, ƙudan don kansu suka yi ta. Na haɗiye dariya tunda aiki nake nema. A raina na ce ikon Allah, wasu suna neman nama ruwa a jallo, wasu sun samu sun ce sun yafe.

Da wanke-wanke na fara, in fito daga aji in wuce shago, hannuwana suka yi kaushi suka tsattsage saboda sanyi. Amma ina wanki ina leƙe. Na ga yadda take dama nunanniyar ayaba a ƙullin fanke a madadin ƙwai, ya tashi lafiya lau. Na ga ta tsiyaye ruwan dafaffen wake ta buga shi har ya yi kumfa fari, ta yi kek da shi, wanda in ba a faɗa miki ba sai ki rantse da ƙwai a ciki. Ranar na tsaya riƙe da soso kamar wata sakara. Shekara huɗu ina hana yarinya kek a gidan biki, tana kallon yara suna ci, ashe ga yadda ake yi.

Wata safiya Ruth ta tambaye ni mu me muke karyawa da shi a ƙasarmu. Na fara lissafa mata, koko da ƙosai, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, waina, ɗanwake. Tana tambaya da me da me ake yi, ina faɗa, sai na ga ta ajiye wuƙa tana kallona. Babu dabba a ko ɗaya. Abincin da Hajiya take ce wa na masu gadi, ashe shi Turawan nan suke bin layi su saya.

Ranar Asabar na dama kunun gyaɗa da 'yar shinkafa, na tsinka shi da ruwan tsamiya. Tukunyarsa daban, ludayinsa daban, don a can gyaɗar ma tana da masu gudunta. Kafin hantsi ya ƙare. Daga nan aka cire ni daga wanke-wanke. Na yi musu kantun riɗi, na yi curin dabino da kwakwa wanda ba ya bukatar ko ƙwayar sukari, na samo aya a shagon 'yan Afirka na yi musu kunun aya. Shi kam ba wuya. A jiƙa aya ta kwana, a wanke ta sosai saboda tsakuwa, a markaɗa da dabino da 'yar kwakwa, a tace da ƙyalle mai laushi. In aka rage ruwa sai madarar ta fito da kauri, fara tas, ba ki raba ta da madarar gwangwani a ido. Ba ta dai son jira, in ta wuni a waje ta yi tsami.

Masu zuwa shagon ba duka ne masu tausayin ƙudan zuma ba. Da yawa iyaye ne masu yara irin Ummi. Uwa za ta tsaya a gabana ta tsare ni da ido, akwai madara a ciki? Ƙwai fa? Cokalin nan me ya taɓa kafin wannan? Ga layi a bayanta, ko a jikinta. Ta ƙwala wa ɗanta kira da sunansa daga wannan bango zuwa wancan, ta goge masa baki, ta sumbace shi a gaban kowa. Da farko na ce kai, waɗannan ba su san kunya ba. Daga baya na gane ba haushinsu nake ji ba, kishinsu nake. Kullum ina zuba wa 'ya'yan mutane abin da ba zai cuce su ba, ina wanke cokali sau biyu saboda ɗan wata, tawa kuwa ban san me ke cikin kofinta ba.

Muna mulmula dabino wata rana Ruth ta ba ni labarin ɗanta. Yana ƙarami aka ba shi wani abu mai madara a makaranta, da ƙyar aka ceto shi. Ta ce ta je ta ɗaga musu hankali har sai da shugaban makarantar ya san sunanta, kuma dalilin buɗe shagon ke nan. Sai ta ce, "Ke fa, kina da yara?"

Na ce, "Akwai wata yarinya a gidanmu."

Ta ɗauka 'yar ɗan'uwana ce. Na bar ta a haka. Babu Hajiya a wurin, babu wani babba da zan ji nauyinsa, amma bakina ya riga ya saba.

Duk Juma'a nake kiran gida. In gaida Hajiya, ya jiki, ya ƙafa, ya mutanen gida, ya su Talatu, ya Malam Idi direba. Har mai ban ruwan fulawa ina tambaya. Sai a ƙarshe in ce, "Kowa dai lafiya?" Ta ce, "Kowa lafiya." Shi ke nan an tambayi Ummi, an kuma amsa. Labarin gaskiya wajen Talatu nake samu. Ta ce tana iya ƙoƙarinta, amma Hajiya ta fara faɗa, wai yarinya ta zauna a tebur kowa da farin shayi ita da baƙi kamar marainiyar da ba ta da kowa. Ta ce ranar da ta kawo koko da ƙosai tebur, Hajiya cewa ta yi, "Gidan nan ya zama tasha ne?"

A nan dabara ta zo mini, na kuma ji daɗin kaina ƙwarai. Na koya wa Talatu madarar aya ta waya, mai kaurin nan. Na ce ta riƙa zuba ta a ƙaramar buta irin ta Hajiya ta ajiye gaban Ummi. Na koya mata fanken ayaba, na koya mata kek na ruwan wake. Kowa ya huta, ba a ɓata wa Hajiya rai ba, ba a ce na yi rashin kunya a kan 'yar fari ba. Talatu ta turo mini hoto, Ummi riƙe da kofin farin shayi, gemunta duk ya jiƙe. Na nuna wa Hajja Amna, na nuna wa kaina ya fi a ƙirga. Juma'ar da ta biyo Hajiya da kanta ta kawo zancen, muryarta har da dariya.

"Takwarata ta zama Bafulatanar gaske. Kofi guda take shanyewa, ko ƙurji babu. Ban ce miki ba? Likitocin nan da tsoratar da mutane."

Na ce, "Haka ne, Hajiya."

Na ji abin da ta faɗa, na kuma gane inda zai kai. Amma na ce ai Talatu tana nan. Na ce zan faɗa mata in na samu hanyar da ta dace, wata Juma'ar.

Ranar wata Asabar ce, shago cike, ina juya fanke. Waya ta yi ta ruri a aljihuna har na gaji na duba. Talatu ce, tana kuka. An yi mata rasuwa ta tafi Ringim tun shekaranjiya, madarar ayar da ta bari a firji kuma ta ƙare. Yau da safe Hajiya da kanta ta shiga kicin ta haɗa wa takwararta shayi mai kauri, ta soya mata ƙwai. Malam Idi ne ya kira Talatu daga asibiti. Ya ce a hanya yarinyar ba ta iya kuka ma.

Fanke ya ƙone a gabana. Ruth ta zo ta janye kaskon ta ce me ya faru?

Na ce, "'Yata ce. Tana asibiti."

"'Yarki?" Ta dube ni kamar yau ta fara ganina. Ta cire mini rigar girki da hannunta, ta tura ni ɗakin ajiya ta ja ƙofa.

Na tsuguna tsakanin buhunan fulawa na kira Hajiya. Ta ɗauka. Kun san me na fara cewa? Ina kwana. Wallahi ina kwana na ce, ta ce lafiya lau. Na ce ya ƙafa, ta ce da sauƙi. Ina jin ƙarar na'urar asibiti a bayanta, ita tana riƙe, ni ina riƙe, kamar masu jan igiya. Saura kaɗan in ce kowa dai lafiya.

Na ce, "Hajiya, Ummi fa? 'Yata. Tana numfashi?"



"Tana yi," in ji ta. "Sun yi mata allura. Kumburin ya fara sauka."

Sai komai ya ɓalle mini. Na ce ba madara take sha ba duk watannin nan, aya ce, ni na sa Talatu ta zuba a buta. Na ce likita bai ce a rage ba, cewa ya yi kada ta kusance ta, zai iya kashe ta, ni ce na sassauta maganar don ina jin nauyinki. Na ce ba laifin Talatu ba ne, ba laifinki ba ne, nawa ne. Na ce don Allah Hajiya kada a ƙara ba ta, ko cokali, ko a biki, ko wa ya kawo. Ina faɗa ina jiran ta ce lallai Turai ta yi miki rana.

Da ta yi magana, muryar ba irin tata ba ce.

"Da hannuna na zuba mata. Tana cewa ba irin na Talatu ba ne, ina cewa shanye." Na ji tana jan hanci. "Safiya, da kin buɗe baki kin ce zai kashe ta, ni mahaukaciya ce?"



Ta ce, "Mijinki ɗan farina ne. Tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa ba. Ranar da ciwon ya kama shi ya shigo gaishe ni, na ga idonsa ya faɗa, na so in ce zauna in ji jikinka. Akwai baƙi a falo. Na ce Allah ya sawwaƙe, ya tashi ya fita. Har aka ɗauke shi daga gidan nan ban kira shi ba." Ta numfasa. "Kunyar nan ta ci mini ɗaya. Ba za ta ci mini biyu ba. Ayar nan, jiƙa ta ake yi ko dafawa?"

Ina kuka ina koya wa surukata kunun aya. A wanke saboda tsakuwa. A cire ƙwallon dabino. Ta sa na maimaita mata yawan ruwan, ta ce ita za ta riƙa yi, Talatu ta tsaya ta duba mata kawai. Matar da rabonta da riƙe rariya tun kafin a kawo ni gidan.

Sai na ji motsi, na ji wata 'yar murya a dishe tana cewa waye?

"Karɓi," in ji Hajiya.

"Anti ce?"

"Ba Anti ba ce. Uwarki ce."

Na ji numfashinta a kunnena, yana fita da 'yar ƙara har yanzu. Na ce, "Ummi." Na sake cewa, "Ummi," don bakina ya saba. Sai ta ce, "Talatu ta ce ke kike aiko mini da madara mai daɗi."

Na ce ni ce.

"To yaushe za ki zo ki zuba mini da kanki?"

Karatuna ko rabi bai kai ba. Na buɗe baki in ce kwanan nan, na tuna inda sassauta magana ya kai mu, na ce, "Da saura, Ummi. Da saura da yawa."

Ta ce to, ta miƙa wa kakarta wayar.

Na wanke fuskata na fito. Layi har bakin ƙofa. Wata mata riƙe da hannun 'yarta, sa'ar tawa, ta nuna tulun kunun aya ta ce, "Kin tabbata babu madara a ciki?"

Na ce na tabbata. Na ɗauko kofi mai tsabta na zuba wa yarinyar.